Jinjina ga Sarkin Jiƙo na Mokola

A gyara zama, a kakkaɓe tabarmi, a gaya wa masu kalangu su ɗaure fata. Yau sai da alƙalamina ya wanke baki, domin zai ambaci babban mutum. Shekara ɗari da 'yan kai Sabon Ibadan yana jiran irinsa, tun 1916 da aka yanka wa Hausawa wannan unguwa a gindin dutsen Mokola. An haifi fatake a nan, an haifi dillalan shanu da malamai da mahauta, an haifi 'yan canjin da ke gane dalar jabu tun tana aljihun mai ita. Mai kamfani ne kawai ya yi mana wuya, sai a zamaninmu Allah ya nufa. Hadarin yamma mai zubar da zoɓo, rijiya mai ruwa kala-kala, shugaban kamfani, ma'ajin kamfani, direban kamfani, mai wanke gorunan kamfani, duk a cikin riga ɗaya: ranka ya daɗe, Sarkin Jiƙo.

Ba zan faɗi sunansa ba, don shi ma bai rubuta shi a jikin gora ba. Bai rubuta adireshi ba, lambar wayarsa kuwa duk wata biyu sabuwa ce. A zamanin da kowa ke neman suna ido rufe, ga bawan Allah yana gudun a san shi, musamman ma'aikatan gwamnati. Irin wannan tawali'u sai a tarihin waliyyai.

Kafin a gane girman giwa sai an tsayar da ita kusa da akuya. Ku dubi iyayenmu, Allah ya jiƙansu, yadda suka ɓata shekarunsu. Wani Bature mai nazarin al'umma, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanmu a 1969. Me ya gani? Shanu suna saukowa daga Arewa, ana ba mahautan Yarbawa bashi, maigida ya tsaya a tsakani da bakinsa kaɗai. Goro yana fitowa daga gonakin Yarbawa, a naɗe shi a ganye, a ɗora a jirgin ƙasa, mai shi yana Sabo, kuɗinsa na Kano, kowa kuma ya yi barcinsa. In maigida ya ci amana sau ɗaya, labarinsa kan riga jirgin isa Kano. Wane irin ci-baya ne wannan! Mutum ya shekara arba'in yana ciniki, ba tambari, ba shafi a Instagram, abin da ya tara kaf sai mutunci, hajar da ko mai zuba jari ɗaya ba zai taya ba.

Abin takaicin ma, arzikin yana cikin bakinsu suna taunawa. Goro yana korar barci, yana danne yunwa. A 1886 wani mai haɗa magunguna a Atlanta ta Amurka, John Pemberton, ya haɗa sunan goro da na ganyen koka, ya sayar da ruwan a matsayin maganin gajiyar ƙwaƙwalwa, aka samu Coca-Cola. Su kuwa iyayenmu sai rabawa suke yi a ɗaurin aure, kyauta.

Sarkin Jiƙo ne ya zo ya share mana wannan abin kunya. Wata rana yana kwance yana latsa waya, ya karanta cewa ƙasar Kanada ta halatta tabar wiwi ranar 17 ga Oktoban 2018, kuma a shekarar ce kamfanin giya na Constellation Brands ya zuba kusan dala biliyan 4 a kamfanin wiwi na Canopy Growth. Ya ƙara latsawa, ya ga a 2025 PepsiCo ya sayi lemon Poppi, wanda ake tallarsa da gyaran ciki, a kan kusan dala biliyan 2. Akwai wani shafi da ke bayanin yadda hannun jarin Canopy ya zube da fiye da kashi 90 cikin 100. Wannan ya tsallake shi, domin mai hangen nesa ba ya ɓata lokaci a kan ramin da ke gaban ƙafarsa. Sai ya ɗaga kai ya dubi gindin gadar Mokola, wadda Gwamna Abiola Ajimobi ya buɗe a 2013, ya ga 'yan acaɓa, ya ga direbobin Micra, ya ga 'yan dako sun jiƙe da gumi tun hantsi. Wani mai raunin zuciya da tausayi zai ji. Shi kasuwa ya gani.

Haka ya yi da ƙididdigar da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya fitar kan shekarar 2018: mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna ta'ammali da ƙwaya, miliyan 10.6 suna shan wiwi, Kudu maso Yamma kuma ita ce kan gaba da kashi 22.4 cikin 100. Likitoci suka riƙe baki, iyaye suka yi salati. Gwarzon maza ya ɗauko biro ya ninka miliyan 10.6 da kuɗin gora ɗaya, ya kwana yana murmushi.

Mahassada za su ce ba shi ya fara ba. Za su nuna matar da ke bakin tasha da tirenta na faraga da agbo. Za su ambaci wutsiyar biri, wato ogogoro da aka jiƙa ganyen wiwi a ciki. Za su ambaci sikushi, zoɓon samari mai tiramadol da kodin, kodin ɗin da gwamnati ta hana yi da shigowa da maganin tarinsa a Mayun 2018 bayan binciken BBC. Za su tuna mana gadagin Kano, da akuskura, ruwan ganyen da hukumar yaƙi da ƙwaya NDLEA da ta abinci da magunguna NAFDAC suka yi ta gargaɗi a kansa a 2022 bayan an gano taba da wiwi a ciki. To, sai me? Duk waɗancan mutanen dā ne, ba su iya magana ba. Wa zai sa wa hajarsa suna akuskura, alhali tun muna yara uwa kan ce kada ka kuskura?

A nan baiwar Sarkin Jiƙo take: harshe. Ya tarar da abu yana yawo tsirara a bayan kango, ya yi masa wanka da Turanci, ya sa masa riga, ya zaunar da shi a falo. Wiwi ta zama tsiron natsuwa. Jiƙo ya zama abin sha mai aiki. Dila ya zama jakadan walwala, mashayi ya zama memba, buguwa ta zama sauraron jiki. Matar tasha tana miƙa nata tana waige-waige, shi yana miƙa nasa da katin godiya. Ruwan ɗaya ne, amma wa zai haɗa kunya da ƙirƙira?

Na samu alfarmar ziyartar hedikwatar kamfanin, wadda ke bayan wani gida, tsakanin makewayi da kejin kaji, don a samu iska daga ɓangare biyu. Ya tarbe ni a ƙofa da farar rigar likita.

“Kawu, sannu da zuwa. A cire takalmi, nan ɗakin bincike ne.”

Na cire, na taka ruwan da ban san asalinsa ba. A tsakiyar ɗakin ga shuɗin duro, wanda rubutun jikinsa ya nuna ya taɓa yi wa wata masana'antar fenti hidima, yanzu ya samu ƙarin girma. Ga muciya. Ga tsohon gyale da ke aikin tacewa, ya yi baƙi saboda ƙwarewa. A kusurwa ga tulin gorunan roba da yara suka tsinto daga wuraren biki, wasu da jan-bakin matan da suka sha ruwan farko. Ya ce wannan shi ne kare muhalli, Turawa har lambar yabo suke bayarwa a kansa. A kan buhun zoɓo kuma ga kwamfuta a buɗe, tana nuna wani jan layi da ya miƙe sama kamar hayaƙin suya.

“Ɗana, wannan layin fa?”

“Ribar shekara biyar masu zuwa ce, Kawu.”

“Ta bana fa?”

“Ba ma duba baya, Kawu.”

Allahu Akbar. Ilmi kogi ne.

Sai ya zaunar da ni ya ba ni karatun kimiyya. Ashe sinadarin da ke bugarwa a wiwi, wanda ake kira THC, ba ya narkewa a ruwa, sai a mai ko a barasa. Kamfanonin Kanada suna kashe maƙudan kuɗi a kan injunan da ke farfasa shi ƙanana-ƙanana don ya bazu daidai a kowane gwangwani, dokarsu kuma ta hana a wuce miligiram 10 a ƙunshi guda. Matsorata! Namu gwanin da gwangwanin madara yake awo, in gwangwanin ya ɓace ya yi da tafin hannu, in ransa ya yi fari ya ƙara gyara kamar mai sayar da gyaɗa. Matsalar narkewa kuwa ya warware ta da ludayi biyu na ogogoro. Na ɗan yi tari, na nuna masa inda aka rubuta halal a takardar jikin gora.

“Kawu, ai ba don sha aka zuba ba. Don narkarwa ne.”

Malamai sun ƙarar da fitilu suna bitar babin abin sha, ga yaro ya rufe babin da jimla ɗaya.

Albarkar wannan awo ita ce babu gora biyu da suka yi kama. Wata ka sha ka ji kamar zoɓon gidan suna. Wata ka sha ka ga kakanka yana ba da hannu a shataletale. Kamfanonin duniya kullum ɗanɗano ɗaya suke ba mutum har ya gundura. A nan kowace gora ƙaddara ce, mai saye yana koyon tawakkali a kan kuɗi kaɗan.

Akwai wata hikimar da ta fi wannan. Wanda ya zuƙi hayaƙi nan take yake jin abin, wanda ya sha a ruwa kuwa yakan jira rabin awa, wani lokaci har awa biyu. A tsakanin nan sai memba ya ce yau jiƙon ba ƙarfi, ya sayi ta biyu, ya bi da ta uku. Sannan su taso masa gaba ɗaya kamar masu bin bashi. Manyan kamfanoni suna biyan masana don su koya musu yadda mai saye zai dawo. Namu tun bai tashi daga benci ba yake dawowa.

Takardar jikin gora kuwa kundin likitanci ce. Tana maganin basir, wanda maƙwabtanmu ke kira jedijedi. Tana maganin sanyi da shawara da dattin ciki da ciwon baya da mantuwa da faɗuwar gaba. Tana sa barci ga wanda ya rasa, tana kore shi ga mai gadi. Tana ƙara wa maigida kwarjini a cikin gida. Asibitin koyarwa na UCH yana nan kusa da mu tun 1957, ɗalibai suna shekara shida suna ƙona ido kafin a kira su likitoci, ashe duk abin da suke nema yana cikin duro ɗaya a bayan kejin kaji.

Abin sha mai aiki suka ce, ni kuwa shaida ne yana aiki. Da idona na ga wani ɗan acaɓa ya shanye gora biyu da azahar, ya goge baki, ya tayar da babur, ya ɗauki fasinja, sannan ya kashe babur ɗin ya sauka. Ya je gaban ginshiƙin gadar ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tsaya jiran amsa. Fasinjan ya yi ta kiran “Oga, mu je mana,” har ya gaji ya tare wani. Ana kiran la'asar yana nan, ana kiran magariba yana nan, fuskarsa cike da annuri. Wace natsuwa ta wuce wannan? Ranar bai ƙona fetur ba, bai yi faɗa da 'yan ƙungiya ba, bai kai ko kwabo gida ba, don haka babu gardamar cefane. A Amurka an taɓa kai kamfanin Red Bull ƙara a kan tallarsa, mai cewa yana ba mutum fukafukai, har ya yarda ya biya dala miliyan 13 a 2014. Namu bai taɓa yi wa kowa alkawarin fukafukai ba, amma wani memba ya gwada tashi daga kan katanga. Ƙafar na ɗaure, ana sa ran zai sabunta rajista.

Sai batun doka, inda jarumtar take. Masu tarihi da dama suna cewa sojojinmu da suka dawo daga Burma da Indiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne suka yaɗa irin ganyen a ƙasar nan. A 1966 gwamnatin soja ta yi dokar da ta tanadi har hukuncin kisa ga mai noma shi, kafin a sassauta a 1975. A 1989 aka kafa NDLEA, dokarta kuma ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai nomawa da mai sarrafawa da mai sayarwa. Marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya je har Tailan a 2019, ya dawo yana roƙon a yarda a noma shi don magani, ba a yarda ba. Gwamna guda, babban lauya, ya tsaya neman izini! Sarkin Jiƙo bai wahalar da majalisa ba. Ya ce shi ba karya doka yake yi ba, riga ta ya yi zuwa, in ta ga dama ta same shi a gaba.

Ku kuma dubi ladabinsa ga hukuma. Tun Janairun 2021 Janar Buba Marwa ke shugabantar NDLEA, shi ne kuma wanda keke mai ƙafa uku ya ci sunansa tun yana mulkin Legas. To, a cikin Keke Marwa kaɗai gwarzonmu ke rarraba kayansa, don girmamawa. Lambar NAFDAC ma bai bar gorarsa babu ita ba. Ganin yadda ma'aikatan ke fama da aiki, sai ya ɗauke musu nauyi, ya kwafo wata daga jikin ledar ruwa. Koren ganye mai yatsu da ke kan tambarin kuwa, duk wanda ya tambaya sai ya ce rama ce. Gaskiya ne rama tana kama da shi, har sunanta na kimiyya ya ɗauko kamar. Wanda ya gane ya gane, wanda bai gane ba ya ɗauka kwaɗo za a yi.

Jarin kamfani ya taru ne hawa-hawa, yadda ake yi a manyan ƙasashe. Zagayen farko adashin gwaggonsa ne, wadda har yanzu tana jin daɗin cewa zoɓo yaron ke sayarwa. Zagaye na biyu tunkiyar mahaifiyarsa. A zagaye na uku ne ya ɗauki kwamfuta ya tafi rumfar wani dattijo ɗan canji, ya yi rabin awa yana nuna masa jan layin nan. Dattijon ya saurara, yana jan carbi.

“Yaro, me ke cikin ruwan?”

“Baba Alhaji, sirrin kamfani ne.”

“Kai kana sha?”

“Baba Alhaji, ni ai shugaba ne.”

“To, buɗe ɗaya ka sha a gabana, in ba ka abin da ka nema.”

Nan take aka kira shi a waya, wayar da ba ta yi ƙara ba, ya fita da sauri. Kun ga irin tsofaffin da ke hana ƙasa ci gaba. Mutum ya zo maka da makomar duniya, kai kana tambayar abin da ke ciki.

Dattijon bai san ya taɓo mafi kyawun halin yaron ba. Sarkin Jiƙo bai taɓa kai gorarsa baki ba. Shayi yake sha a teburin mai shayi, da burodi da ƙwai biyu. Ƙannensa ma ya hana su ko taɓa duron, ranar da ƙaramin ya lashi muciya sai da ya sha mari. Dubi sadaukarwa! Lafiya tana malala a ɗakinsa duro-duro, ya hana kansa, ya hana jininsa, ya bar wa 'ya'yan maƙwabta. Ko a cikin masu kyauta, samun wanda zai ba da duka bai ɗanɗana ba sai an tona.

Tsarin kasuwancinsa kuwa zobe ne, ba inda ya ɓalle. Zoɓon daga kasuwar Dawanau ta Kano ake saro shi, inda 'yan kasuwa ke tara wanda ake kaiwa har Meziko. Ganyen daga dazukan Ondo da Edo da Osun yake fitowa. Ga haɗin kan ƙasa a gora ɗaya, abin da 'yan siyasa suka kasa. In memba ɗan Arewa ya kai matakin ƙarshe na walwala, sai 'yan uwa su sa shi a mota su mayar gida, a kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali da ke Dawanau. Daga Dawanau aka fara, a Dawanau aka sauke. Membobin da ke nan Kudu kuma Abeokuta ake kai su, asibitin Aro. Kamfanin da aka kafa da aro, ina ya dace masu hulɗa da shi su ƙare in ba Aro ba?

Duk mai nasara ba ya rasa maƙiya. Liman ya yi huɗuba biyu a jere a kan kayan maye, alhali walwala ake sayarwa. Wata tsohuwa ta zo ƙofar hedikwata ta zauna a ƙasa tana kuka, wai ɗanta tela ne, yanzu keke ya yi ƙura, shi kuma yana hira da almakashi. Shugaba ya fito da kansa, ya durƙusa ya ce, “Iya, ki yi haƙuri, mun ji ra'ayinki, za mu duba.” Ya ba ta gora ɗaya kyauta. Wane kamfani ne a ƙasar nan ke kula da jama'a haka?

Kada ku zaci ya tsaya nan. Ya tuna cewa a Nuwamban 2019 'yan sanda sun fito da mutum 259 daga wani gidan mari a Ojoo, nan cikin Ibadan, ya ce wannan giɓi ne a kasuwa. Yanzu haka yana shirin kamfani na biyu: cibiyar gyaran hali ta zamani, da manhaja a waya, da biya wata-wata. Ba sai ya yi talla ba, sunayen duk waɗanda za su buƙace ta suna cikin kwamfutarsa, da lambobin iyayensu. Iyayenmu sun san sayar da saniya. Sayar da rami sannan a dawo a sayar da igiya, wannan sai ɗan zamani.

Saboda haka ina kira ga masu unguwa da dattawan Sabo da su hanzarta naɗa shi tun hukuma ba ta riga mu karrama shi ba, domin na ji ana cewa wasu jami'ai masu jar riga sun fara tambayar gidansa, da alama su ma sun ji labarin alherinsa. A nemo rawani mai tsawo, wanda zai rufe fuska sosai.

Mu kuma talakawansa ba mu da abin biyansa sai addu'a. Garkuwar 'yan acaɓa, inuwar marasa barci, mai duro ɗaya maganin dubu, Allah ya saka maka da kwatankwacin abin da ka yi mana. Yadda ka auna wa 'ya'yan mutane, Allah ya auna maka, da gwangwanin da ka auna, har da gyara. Abin da ka shayar da Sabo, Allah ya shayar da kai, gora da gora, kada ya rage maka ko ɗigo. Jama'a, a shafa.